Ɗana ya mai da kuka makami, duka kuma ya daina yi masa aiki

Assalamu alaikum Anti. Ina da yara uku, na tsakiyar namiji ne, shekararsa huɗu da 'yan watanni. Yaron nan ya hana ni sakat. Duk abin da ya ƙyalla ido ya gani sai an ba shi, musamman wayata, ko alawa da biskit a shagon bakin layinmu. In na hana, sai ya faɗi ƙasa yana birgima yana ihu har maƙwabta su leƙo. Na yi faɗa, na yi duka da hannu, na sa bulala. A lokacin zai yi tsit, gobe ya koma ruwa. Wani lokaci in na gaji, ko muna da baƙi, sai in miƙa masa don in huta. Gida ɗaya muke da surukata. Da zarar Hajiya ta ji kukansa sai ta kira shi ɗakinta ta ba shi abin da na hana, ta ce a daina ƙuntata wa mai sunan Malam. Babansu ba ya wuni a gida, in ya dawo sai ya ce ni na sangarta shi. Wata maƙwabciyata ta ce a yi masa rubutu ko ruƙiyya. Har na fara jin haushin ɗan da na haifa, abin yana damuna ƙwarai. Me zan yi?

Uwar yara uku, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya su, ya yi musu albarka. Haushin da kika ce kin fara ji gajiya ce ta macen da take fama ita kaɗai, a hana ta nan a zarge ta can. Ba ƙin ɗa ba ne, kada ki ɗora wa kanki wannan laifin. Addu'a kuwa ba a barin ta, ki yi ta yi masa safe da yamma. Amma abin da kika kwatanta min ba alamar iska ba ce. Yaron da ba ya kuka sai an hana shi abu, ya yi shiru da zarar abin ya shiga hannunsa, ya kuma san ranar da baƙi ke gida nasara tasa ce, wannan yaro ne mai kaifin lura. Ya gano abin da ke biya a gidanku, shi yake yi. Abin da gida ya koya masa kuma gida na iya warware shi.

Masana halayyar ɗan Adam sun haura shekara ɗari suna nazarin wannan. A 1898 wani matashin ɗalibi a Jami'ar Columbia ta Amurka, Edward Thorndike, ya riƙa saka kyanwa mai jin yunwa a cikin akwati ya rufe, ya ajiye abinci a waje inda take hango shi. Ƙofar ba ta buɗuwa sai an ja wata igiya ko an taka wani katako. Da farko kyanwar yakushi take, ta ciji nan, ta cusa kai can, har bisa tsautsayi ta taɓa abin da ke buɗe ƙofar. Da aka yi ta maimaitawa, sai yakushin da cizon suka riƙa raguwa, har ya zama ana saka ta take nufar igiyar. Ba wanda ya yi mata bayani. Motsin da ya kai ta ga abinci shi ya zauna, waɗanda ba su kai ta ko'ina ba suka zube. Daga baya B. F. Skinner, wanda ya fara nasa gwajin a Jami'ar Harvard a farkon shekarun 1930, ya faɗaɗa wannan da ɓeraye da tantabaru, a akwatin da in ɓera ya danna wani ƙarfe ƙwayar abinci za ta faɗo. Abin da ya fito fili daga aikinsu shi ne, abin da ke biyo bayan aiki shi ke yanke ko za a sake yin aikin.

Duk sakamakon da ya sa ɗabi'a ta ƙaru, shi suke kira ƙarfafawa, kuma hanya biyu yake bi. Ko dai a ba mutum abin da yake so bayan ya yi aikin, ko a ɗauke masa abin da ke damunsa. Sakamakon da ya sa ɗabi'a ta ragu kuma shi ne horo, shi ma ko ta hanyar ɗora wa mutum abin da ba ya so, ko ta karɓe masa abin da yake so. Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne ba a duba niyyar mai yi, ana duba abin da ya faru da ɗabi'ar bayan kwanaki. In kin yi wata da watanni kina sa bulala kukan bai ragu ba, to bulalar ba ta yin aikin horo, komai zafinta.

Mu koma bakin shagon nan. Kin je sayen magi da omo, yaro ya hango alawa a cikin roba. Ya nuna, kin ce a'a. Ya fara ƙunƙuni, kin yi kamar ba ki ji ba. Ya ɗaga murya, kin daka masa tsawa. Ya zube a ƙasa, ƙura ta turnuƙe rigar da kika wanke jiya, mai shago na kallo, wata mata ta ce haba baiwar Allah, naira nawa ce alawar. Kunya ta rufe ki, kin zaro kuɗi. Alawa ta shiga hannu, ihu ya ɗauke kamar an kashe rediyo. A cikin wannan minti biyar mutum biyu aka yi wa darasi. Shi ya samu abin da yake so bayan birgima, don haka birgima ta ƙara ƙarfi. Ke kuma an ɗauke miki ihu da idon mutane bayan kin miƙa, don haka miƙawa ta ƙara ƙarfi a wurinki. Gobe zai fi saurin zubewa, ke ma za ki fi saurin zaro kuɗi. Wani masani a jihar Oregon, Gerald Patterson, ya shafe shekaru shi da abokan aikinsa suna shiga gidaje suna rubuta abin da ke gudana tsakanin iyaye da 'ya'ya, kuma wannan zagayen na tilasta wa juna shi ya riƙa gani a gidajen yara masu taurin kai. Kowa na neman sauƙin minti ɗaya, kowa na ƙara ɗaure ɗan'uwansa.

Ki lura kuma da lokacin da alawar ta fito. Ba ta fito da ya nuna da yatsa ba, ba ta fito da ƙunƙuni ba. Sai da ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Darasin da ya ɗauka ke nan: roƙo a hankali ba ya biya, ƙaramin kuka ba ya biya, babban ne ke biya. Shi ya sa iyaye ke cewa abin ƙaruwa yake. Da hannunmu muke ɗaga farashin.

Kalma ɗaya ce a wasiƙarki ta fi ɗaukar hankalina, inda kika ce "wani lokaci" kina miƙa masa. Na san a ganinki wannan sassauci ne kaɗan a cikin hani mai yawa. A gaskiya shi ne ginshiƙin matsalar. Skinner da abokin aikinsa Charles Ferster sun wallafa sakamakon gwaje-gwajensu a kan wannan a 1957. Tantabarar da ake ba hatsi duk sara ɗaya, in aka daina ba ta, ba ta daɗewa take haƙura. Wadda kuwa aka saba ba ta jefi-jefi, ba ta san sara na nawa ne zai kawo hatsin ba, takan yi dubban sara bayan an daina ba ta komai. Kamar famfon tuƙa-tuƙa ne. Wanda kullum bugu biyu yake kawo ruwa, ranar da kika buga ashirin shiru kin san ya lalace, ki ɗauki bokitinki. Wanda ya saba wahalar da ke kafin ya kawo, za ki yi ta bugu har hannunki ya yi kanta, domin jiya ma sai da kika kusa tafiya ya zubo. Wannan tsarin ne ke riƙe ɗan caca a inda yake asara. Saboda haka hani tara da bayarwa ɗaya bayan kuka ya fi bayarwa goma dasa naci a zuciyar yaro.

Yanzu batun duka. Na san yadda aka tashe mu, na kuma san za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tambayar ita ce da me ake tanƙwarawar. Duka yana tsayar da kuka nan take, kuma wannan tsayawar ce ke sa uwa ta sake ɗaukar bulala gobe, ita ma an ƙarfafa ta ke nan. Sai dai danne ɗabi'a yake yi na ɗan lokaci, galibi a gaban mai dukan kawai. Ba ya gaya wa yaro abin da zai yi a madadin kukan in yana son abu. Jiki na sabawa da shi, ɗan marin bara ya zama bulalar bana, kuma ba na so ki kai inda za ki ji masa rauni cikin fushi ki zo kina nadama. Yaro kuma yana kallo yana koyon cewa babba in ransa ya ɓaci hannu yake sawa, sai ki ga ya gwada a kan ƙanwarsa ko ƙanensa. A 2016 wasu masana biyu, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara bincike 75 da suka shafi yara sama da 160,000. Ba su samu shaidar cewa duka na gyara halin yaro a tsawon lokaci ba, sun dai samu yana tafiya tare da ƙarin rigima da ƙarin damuwa a zuciyar yaran.

Akwai wani abu kuma da ya shafi ɗan tsakiya musamman. Babba ya tafi makaranta ana yabon littafinsa, ƙarami na goye a baya, shi fa? Ki tambayi kanki tsakani da Allah, yaushe kike barin abin da kike yi ki dube shi ido cikin ido. In amsar ita ce sai ya yi rigima, to faɗanki ma lada ne a wurinsa. An taɓa gwada wannan a wani ajin firamare a Amurka a ƙarshen shekarun 1960: da malamai suka ƙara yawan cewa "zauna" ga yaran da ke tashi, sai tashin ya ƙaru, da suka koma yabon waɗanda ke zaune suna aiki sai ya ragu. Ga yaron da ke jin ƙishin kulawa, tsawa ta fi shiru daɗi.

Wanda zai kawo miki hujjar addini kuwa, ki tuna masa hadisin da ya ambaci duka a kan sallah ya ce a umarci yaro yana ɗan bakwai, bai ambaci duka ba sai a goma. Shekara uku cur na koyarwa, a kan sallah ma ke nan, ba alawa ba. Naki huɗu gare shi. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Nana A'isha kuma ta shaida bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba.

To me za ki yi? Kada ki tari komai lokaci guda. Ki ɗauki abu ɗaya, ina ganin wayar ta fi sauƙi tunda a cikin gida ne, ba idon jama'a. Ki yanke shawara tun kafin ya tambaya. In za ki ba shi, ki ba shi a roƙon farko, yana tsaye da ƙafarsa, muryarsa a kwance. In ba za ki ba shi ba, to ko zai yi kuka har la'asar kada wayar ta fito. Ranar da kika san kin gaji, ko baƙi na hanya, ba za ki iya jurewa ba, gara ki ba shi tun farko da daɗin rai da ki hana sannan ki sallama bayan ihu. Wannan ba rauni ba ne, kin hana kukan samun lada ne.

Sannan ki koya masa abin da zai maye gurbin kukan, domin wannan shi ne rabin aikin da aka fi mantawa. A lokacin da yake cikin nishaɗi, ba a tsakiyar rigima ba, ki zaunar da shi ki ce daga yau in kana son abu ka zo ka ce, "Mama, don Allah." Ku gwada kamar wasa. A kwanakin farko duk lokacin da ya faɗa haka a kan abin da babu laifi a ba shi, ruwa ne, ayaba ce, ɗauka ce, ki amsa nan take ba tare da jinkiri ba, domin ƙaramin yaro ba ya haɗa aikin safe da ladan dare. Ki faɗi ainihin abin da ya yi: "Madalla, ka tambaya a hankali, na ji daɗi." Wannan ya fi "yaron kirki" kai saƙo. Ki riƙa kama shi yana abin arziki ko bai tambayi komai ba, yana wasa shi kaɗai, ya miƙa wa ƙaramin abin wasa, ki shafa kansa ki faɗa. In ɗabi'ar ta zauna sai ki riƙa rage ladan, ya zama jefi-jefi. A nan ne jefi-jefi ke yi miki aiki, irin ƙarfin da ya ba kuka shi zai ba ladabi.

Ita wayar kanta ki mai da ita abin da ke zuwa bayan wani aiki. Ka kwashe kayan wasanka, sannan kallo. Ka ci abinci ka wanke hannu, sannan kallo. Wani masani, David Premack, ya nuna tun 1959 cewa aikin da aka fi so na iya zama ladan wanda ba a cika so ba, in dai shi ya zo daga baya. Ki sa lokaci sananne, ki gaya masa saura kaɗan kafin ki karɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro mai shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon allon waya ko talabijin, ƙasa da haka ya fi. Kada kuma ki mai da komai ciniki. Lada shi ne abin da aka yi alkawari tun farko aka bayar bayan aiki. "Yi shiru in ba ka biskit" a tsakiyar ihu ba lada ba ne, sayen shiru ne, kuma gobe zai sake kawo hajarsa. Abin da yake yi da kansa don yana jin daɗinsa, kamar zane ko bin ki yana shara, yabo ya ishe shi, ba sai an biya shi ba.

Dole in gaya miki abin da zai faru, don kada ki ce shawarar ta ƙara ɓata shi. Ranar da kuka ya daina biya, zai ƙaru kafin ya ragu. Zai yi irin wanda ba ki taɓa ji ba. Wannan alama ce ya lura an canza doka, yana gwada ko da gaske ne. In kika sallama a nan, kin koya masa sabon mataki mafi tsanani. Ki faɗi maganarki sau ɗaya a taƙaice, "Ba yanzu ba, sai bayan ka ci abinci," ki kau da abin da zai ji masa ciwo, ki ci gaba da aikinki kusa da shi, ba faɗa, ba lallashi, ba harara. Da ya yi shiru ya taso, ki karɓe shi da sakin fuska ki jawo shi wani abin, kada ki tsaya tone-tone.

A 1959 wani masani mai suna Carl Williams ya ba da rahoton yaro ɗan wata 21 da ya yi doguwar jinya, ya warke, amma ya saba sai an zauna a kansa har ya yi barci, in aka fita ya ɓarke da ihu. Iyayen suka yanke su kwantar da shi cikin lallami su fita, kada su koma. Karon farko ya yi minti 45 yana ihu. Kafin karo na goma ya daina, har murmushi yake in za a fita. Bayan kamar mako guda, wata 'yar'uwar iyayensa da ke taya su reno ta kwantar da shi, ya yi kuka, ta koma ta zauna da shi. Ihun ya dawo, sai da aka sake farawa daga tushe. Kin ga inda maganar Hajiya ta shigo.

Ba na ba ki shawarar ki tunkare ta da kanki. Wannan aikin ɗanta ne, kuma shi ne amsar zargin da yake miki. Ki samu maigida a lokacin da ya huta, ki zayyana masa abin yadda na zayyana miki, ki roƙe shi ya yi wa mahaifiyarsa magana cikin ladabi. Kada a ce mata ta daina ba jikanta abu, kaka ba ta jin wannan yaren, kuma so ne ya kawo haka. A ba ta matsayi. A ce alawar gidan a ɗakinta za a ajiye, ita ce mai rabawa, amma sai mai sunan Malam ya shigo da sallama, idonsa a bushe, ya roƙa da ladabi. In ya shigo da kuka ta ce je ka ka gama, ka wanke fuska ka dawo. Ta haka kyautarta na nan, girmanta na nan, ladan kuma ya koma kan abin da kuke so. Shi ma maigidan in ya dawo ya tambayi abin kirkin da yaron ya yi yau kafin ya tambayi laifinsa.

Horo na da wurinsa, ban ce a zubar da shi ba. In ya doki wani ko ya fasa abu da gangan, ba a kau da kai. A nan ki yi amfani da karɓewa: abin wasan da ya yi jifa da shi ya tafi har gobe, ko ya zauna a gefe guda inda kike ganinsa, ba wasa ba hira, na kamar minti huɗu. Ya zama nan take, gajere, kullum iri ɗaya, muryarki a kwance. Ban da kulle shi a ɗaki mai duhu, ban da tsorata shi da dodo ko allurar likita, ban da hana shi abinci. Kada ki yi barazanar da kin san ba za ki cika ba.

Duk wannan maganar a kan kukan neman abu ce. Kukan ciwo, na yunwa, na tsoro, ko na yaron da barci ya ci ƙarfinsa, wannan ɗauka yake buƙata da rarrashi, kuma uwa ta san bambancin muryoyin. Yawancin rigimar shago ma takan ragu in aka fita da yaro ya ƙoshi ya yi barcinsa, aka kuma gaya masa tun a gida abin da za a saya da abin da ba za a saya ba. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta sau nawa ya yi a rana da tsawon kowanne, domin ranar da ya yi mummuna ɗaya za ki ji kamar ba a ci gaba ba, rubutun ne zai nuna miki gaskiya. In kun haɗa kai ku uku na tsawon makonni ba ki ga sauƙi ba, ko yana buga kansa da bango, ko yana cizon kansa, ko yana ɗauke numfashi har ya sume, ko maganarsa ba ta kai ta sa'o'insa ba, ko in an kira shi kamar ba ya ji, to ki kai shi wurin likitan yara a duba kunnensa da girmansa, ki tafi da littafin nan a hannunki. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba ki juriyar makon farko.